Shagon kifin ado na wajen harajin tsuntsaye, wato kasuwarsu, a Jidda: kifinsu lafiya lau, amma tsironsu da baƙo yake zuwa

Tauraro 3 na ba su cikin 5, kuma wallahi da a satin da abin ya faru na zauna rubuta wannan ko 1 ba za su gani ba, sai da na huce tukuna na kuma gano cewa ba duka laifin ne nasu ba. Sunan shagon ba zan faɗa ba, yaron da ke tsaron wajen namu ne, Bahaushe haifaffen Makka, ba na so in ja masa magana wajen mudir ɗinsa, wato manajan shagon. Mai zuwa harajin tsuntsaye na kudancin Jidda dai ya san irin shagunan, masu haud, wato akwatin kifi na gilashi, jere a ciki, a baya kuma bahunan roba a fili cike da tsiron ruwa. Ku riƙe zancen bahunan nan, can ne matsalar take.

Ni haris ne, wato maigadi, a wata istiraha, gidan shaƙatawa kenan, can hanyar Usfan, shekarata 9 a wajen. Akwai wata 'yar birka, wato ɗan tafkin siminti, ta ado a tsakiya, ba ta wanka ba, kamar mita 3 a 2 ce, zurfinta iya gwiwa. Maigida yace a zuba mata kifi saboda yara su riƙa kallo, kuma saboda sauro, don zazzaɓin dengi da suke ce wa hummad dank ba baƙo bane a Jidda, tun 1994 ake fama da shi, duk ruwan da ya kwanta hankalin mutane ba ya kwanciya. Ni kuma ɗan Wudil ne, a bakin kogi na tashi, da aka ce kifi sai naji kamar an aike ni gida. Nace to maigida ni ma zan sa haud ƙarami a ɗakina in riƙa renon 'ya'yan, in sun yi ƙwari in juye su birka, ba sai an yi ta saye ba. Yace kwayyis.

Bari in fara da alherinsu don kar a ce na ci amana. Kifinsu masu lafiya ne, ƙananan nan da ake kira gofi da moli na saya guda 20 da jajayen nan na ado guda 6, ko ɗaya bai mutu a hanya ba duk da nisan da ke tsakanin kudancin Jidda da Usfan da zafin motar da muka shigo, ya ɗaure su a leda biyu-biyu ya hura musu iska sosai. Kuɗin ma babu cuta, haud mai tsawon santimita 60 da filta da fitila da kifin da tsiro dami 4 duka riyal 310 har da dariba, wato harajin gwamnati, na zaga shaguna 3 kafin nan babu wanda ya yi min ƙasa da haka. Kuma yaron ne ya ce min, Kawu kar ka zuba su a ruwan wayit, wato na tankar ruwa, kai tsaye, akwai kulorin a ciki, ka bar ruwan ya kwana ko ka ɗiga maganin nan. Wannan shawarar kaɗai ta ceci kifin, da ni kaɗai ne da na antaya su na tashi na ga gawa. To a nan babu abin cewa.

Gofi da moli ba ƙwai suke sakawa ba, haihuwa suke, kusan duk wata ma, saboda haka sati 3 da kawo su na wayi gari da 'ya'ya, na ƙirga 34, ƙanana kamar tsinken ashana da ido biyu. Na san iyayen na cinye 'ya'yansu, nan da nan na kwashe manyan na kai birka na bar yaran su kaɗai da tsiro a haud. Kwana 4 na ƙirga 29. Nace ƙila sun ɓuya. Bayan sati 21. Babu gawa ko ɗaya fa, wannan shi ya ɗaure min kai, kifi in cuta ta kashe shi ai za ka gan shi a kwance ko yana yawo a sama ciki a waje, waɗannan kuwa ɓacewa suke kamar an ɗauke su da hannu. Na buɗe filta na duba ko ita ke zuƙe su, babu komai, na ɗaura mata safa a baki duk da haka. Har ƙadangaren bango na zarga.

Na koma shagon ranar Jumma'a bayan la'asar na yi wa yaron bayani, yace Kawu uwar ce ke cinye su. Nace ɗana uwar tana birka sati 2 kenan, ko ta waya take cin su? Ya yi dariya, ya shiga ciki ya tambayi mudir, ya fito da wata kwalba mai ruwa shuɗi yace wai fangas ne, riyal 20. A nan tauraro na farko ya faɗi. Mutum ya ce maka babu gawa, babu tabo a jikin kifi, suna cin abinci lafiya, kai kuma ka miƙo masa maganin fangas don dai kar ya fita hannu rabbana. Na zuba, haud ya koma kamar rijiyar marina ta Ƙofar Mata, silikon ɗin gefe har yau da shuɗinsa, kifi kuma suka ci gaba da raguwa, 16, 12, 9.

Wani dare wajen ƙarfe 2 na tashi buɗe wa baƙi ƙofa, da na dawo barci ya ƙi, sai na haska haud da tocilan ta waya haka kawai. A jikin karan tsiro na ga wani abu ya lafe, tsawonsa ya kai gaɓa 2 ta yatsa, launinsa kore-kore mai duhu kamar tsiron sak, ƙafa 6, ga wasu idanu fal-fal a gefen kai kamar fitilun mota. Ban gama kallo ba wani ɗan gofi ya zo wucewa ta gabansa, wallahi ban ga yadda akai ba, wani abu dai ya fito daga ƙasan haɓarsa ya koma, sai ga wutsiyar kifin a bakinsa tana motsi. Jikina ya ɗau rawa kamar mazari, ashe ma ɗan mazarin nake kallo ban sani ba.

Na kamo shi da rariyar shayi na sa a kwalbar mayonis. Da safe na kai wa wani Malam da ke aiki a mazra'a, wato gona, kusa da mu, Bahaushen Sudan ne ɗan Mai Wurno, ya yi karatun noma a Wad Madani, ya ce tun yana yaro yake ganin irinsu a magudanan Jazira. Yana kallo ya ce Alhaji ai wannan ɗan mazari ne. Nace Malam wane mazarin, mai tashi? Yace shi fa. Ni da na girma a bakin kogi, na kama mazari ba adadi muna yara muna ɗaura masa zare a wutsiya, ban taɓa sanin daga cikin ruwa yake fitowa ba, kuma na tabbata na sha ganin wannan abin a cikin koma muna zubarwa da sunan ƙwaron ruwa. Ya ce Larabawa ya'asub suke ce masa, wasu su ce abu migzal, migzal kuwa shi ne mazarin kaɗi, ka ga tunaninsu da namu ya zo ɗaya, wasu kuma ra'ash wato mai karkarwa. Amma abin da ya sa na yi dariya har da riƙe ciki shi ne sunan ɗan a littattafansu na makaranta, wai huriyya, sunan matan Aljanna. Wannan mummunan abin mai cin 'ya'yan mutane shi ne huriyya! Nace Malam Allah Ya sa ba irin wannan ake mana tanadi ba.

Ya sa aka kawo farin faranti ya juye shi da ɗan ruwa, ya ce a farin abu ake duba su. Abu na farko da ya nuna min shi ne leɓen. Ya riƙe shi a hankali ya sa tsinken sakace a ƙasan kai ya jawo, sai ga wani abu ya miƙe kamar hannu mai gwiwa, a ƙarshensa ƙugiya 2. Leɓensa na ƙasa ne, a naɗe yake a ƙarƙashin kai har zuwa tsakanin ƙafafu, in abinci ya zo sai ya harbo shi ya cafko ya dawo da shi baki, kafin ƙiftawar ido an gama. Yace duk ƙwaron ruwan da ka samu da wannan leɓen to dangin mazari ne, babu wani mai irinsa. Na biyu a bayansa akwai wasu 'yan ɓawo 4 a kwance kamar an manna masa ƙananan ganye, wai fukafukan ne ke ciki suna jiran lokaci. Na uku shi ne wanda yara suka fi so da na nuna musu, ta dubura yake numfashi. Eh haka na faɗa. Abin da yake shaƙar iska da shi a ruwa yana cikin ƙarshen hanjinsa, sai ya zuƙi ruwa ta baya ya fesar, in ka zuba ido za ka ga ciki na kumbura yana saɓewa. In kuma ya tsorata sai ya feso ruwan da ƙarfi ya harba gaba kamar roka, ƙafafu a maƙale a jiki. Malam ya barbaɗa ɗan yashi a farantin ya taɓa shi, muka ga yashin ya watse ta bayansa shi kuma ya yi gaba fit.

Tunda na sa kaina a harkar na koyi bambanta su, don ba duk abin da ke ruwa ne shi ba. Wanda ya ci min kifi dogo ne sumul kamar harsashi, leɓensa shimfiɗaɗɗe, irin masu hawa tsiro suna farauta, 'ya'yan manyan mazarin nan ne shuɗaye da koraye da masana ke kira Anax, ɗansu in ya gama girma yana kai santimita 5. Akwai kuma gajeru masu faɗin ciki kamar gizo-gizo, leɓensu kamar cokali ya rufe rabin fuska, su a ƙasa suke kwanciya cikin laka da gansakuka, jikinsu duk datti ya manne ba ka ganin su sai sun motsa, waɗannan su ne 'ya'yan jajayen mazari da masu ruwan ɗorawa da muka fi gani. Dukansu ƙarshen jikinsu 'yan ƙayoyi ne gajeru a tsuke. In ka ga siriri kamar tsinke mai wutsiya 3 kamar ganye yana iyo yana lanƙwasa kamar kifi, wannan ɗan ƙaramin mazari ne, siririn nan da in ya sauka yake haɗe fukafukansa a baya, shi ma mafarauci ne amma ƙarfinsa bai kai ba. Wanda ya kamata ka ji tsoro ma fiye shi ne ɗan buzuzun ruwa, ba shi da ɓawon fuffuke, bakinsa ƙaho 2 ne kamar lauje, yana tasowa sama ya ɗago wutsiya ya shaƙi iska, wannan in ya cije ka za ka sani. Ɗan mazari kuwa ba shi da dafi ba shi da ƙari, babban in ka matse shi zai iya ɗan mintsininka, shikenan.

To yanzu tambayar da ta shafi shagon, ta ina ya shigo ɗakina? Ɗaki ne mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ƙofa kullum a rufe, taga da raga, haud da murfi, ruwan kuma na wayit ne da aka tace daga teku. Malam yace ta tsiro. Manyan mazarin nan da ƙananan sirara macen tana da wani abu kamar wuƙa a ƙarshen ciki, tana tsaga karan tsiron ruwa ta cusa ƙwai ɗaya-ɗaya a ciki, ko ka wanke tsiron a famfo ƙwan na nan cikin kara. A wuri mai zafi irin namu cikin 'yan makonni ya ƙyanƙyashe, abin da zai fito ɗan mitsitsi ne ba ka ma lura, ya fara da ƙananan halittun ruwa, yana girma abincin na girma, 'ya'yan sauro, tsutsa, talibambam, ɗan kifi, har ɗan'uwansa in ya fi shi ƙarfi. Kaga bahunan nan na bayan shago da ke buɗe a rana, ai gidan haihuwa aka gina wa mazari kyauta. Da na kwashe tsiron haud na girgiza a bokiti sai ga wasu 2, ɗaya ya kusa na farkon girma. Su 3 suka cinye min 'ya'ya sama da 25. Nan tauraro na biyu ya tafi.

Na so in ɗora musu har da na birka, don da na sa rariya na kwaso laka daga ƙasanta na samu gajerun nan sun fi 20. Har na fara cika baki, Malam yace a'a Alhaji ka ji tsoron Allah, waɗannan daga sama suka zo. Ya ce in zauna bakin birka da hantsi in kalla. Na zauna kuwa, sai ga jan mazari namiji ya kama kan wani kara yana gadi, duk wanda ya zo ya kore shi ya dawo kan karan nan dai, can sai ga mace tana shawagi ƙasa-ƙasa tana dangwala wutsiya a ruwa, dangwal, dangwal, ni da a da na ɗauka wanka suke ko shan ruwa, ashe kowace dangwala ƙwai take saki. Irin waɗannan ba ruwansu da tsiro, ruwa kawai suke nema. Har bonet ɗin baƙar motar maigida na ga wata tana dangwalawa bayan na wanke ta, ƙyallin ne ke ruɗarsu su zaci ruwa ne. Saboda haka duk mai birka a fili, ko daga ina ya sayo tsiro, ko bai sayo ba ma, zai samu 'ya'yan mazari, wannan kamar kainuwa ne dashen Allah, ba na shago bane.

Ban kashe ukun nan ba, yaran maigida suka hana, aka raba musu kwalba kowa da tasa don kar su cinye juna, nake ɗebo musu 'ya'yan sauro daga wani bokiti. A nan na ga sauran rayuwar da idona. Ba ya girma a hankali kamar kifi, saɓa yake yi kamar maciji, fatar ta tsage ya fito fari-fari laushi sai ya yi duhu, tun daga ƙyanƙyasa zuwa ƙarshe yana yi sau 10 zuwa 15 haka, ya danganta da iri, kowace saɓa ɓawon fuffuken na ƙara tsawo. Kuma ba kamar malam-buɗe-littafi bane da tsutsarsa ke shiga kwanso ta kwanta, shi babu wannan zangon, daga ƙwai sai ɗa, daga ɗa sai mai tashi. A ƙasashen sanyi akwai waɗanda ke shekara 2, 3 har 5 a ruwa kafin su fito, su yi 'yan makonni suna tashi su mutu, wato mazarin da muke gani ƙarshen rayuwarsa ce, yawancinta a ƙarƙashin ruwa ya yi ta. A zafi irin na Jidda kuwa wata 2 zuwa 3 wasu sun gama.

Na farkon da ya kusa sai ya daina cin abinci kwana 3, na ɗauka mutuwa zai yi, ɓawon bayansa ya kumbura, yana yawan hawowa ya fito da kai waje. Malam yace in sa masa kara ya fito saman ruwa sosai, in babu abin hawa zai iya nutsewa ya mutu don numfashinsa na komawa na iska. Na soka tsinken tsire. Dare na huɗu bayan isha ya hau, ya ƙanƙame tsinken ya yi shiru har na gaji na fara gyangyaɗi, can sai bayan wuyansa ya tsage, kai ya fito, ƙirji ya fito, ya zaro ƙafafu, sai ya sake jiki ya rataya kai ƙasa kamar wanda ya suma, ya fi minti 20 a haka, ni dai nace ya tafi. Ashe jira yake ƙafafun su yi ƙwari. Kawai sai ya yunƙura ya kama tsohuwar fatar ya zare sauran cikin. Fukafukan a lokacin kamar takardar da aka cukuikuye, ina kallo suna miƙewa yana tura musu ruwan jikinsa, sai cikin ya yi tsawo ya sirance. Kafin a kira asuba ya buɗe su huɗun suna ƙyalli yana karkaɗa su, na fitar da kwalbar waje, gari na fara haske ya tashi ya haye katanga. Abin da ya ci min kifi kenan, amma wallahi sai da nace Subhanallah. Fatar da ya bari tana nan a tsinken, siffarsa cif har idanu, da wasu fararen zare a inda ta tsage. Yanzu da na san su ina ganin irin fatun nan a jikin karan birka da gefen siminti da safe, in ka gan su to ka san ruwanka na fitar da mazari ko ba ka taɓa ganin ɗan ba.

Wani abu da Malam ya ƙara min wanda har yanzu nake juyawa a rai, mai ruwan ɗorawar nan da ke cika sama garke-garke bayan an yi ruwa, Pantala, shi ɗan ci-rani ne kamar mu. Ɗansa cikin sati 6 zuwa 8 yake gama girma don ya riga kududdufi ƙafewa, manyan kuma suna bin iska da damina, ana ganinsu suna ƙetare teku daga Indiya ta tsibiran Maldibs zuwa gabashin Afirka. Babu iƙama, wato takardar izinin zama, babu jawazat, 'yan shige da fice. Nace Malam wannan ai ya fi mu gata.

Na koma shagon da kwalba ɗaya a hannu. Yaron ya zaro ido yace wallahi Kawu muna ganinsu in muna wanke baho, mun ɗauka kyankyason ruwa ne. Na kai shi baya na sa hannu a bahon farko na girgiza tsiro a leda, 2 suka faɗo a gabansa. Ya ji kunya sosai, ya yi ta ba ni haƙuri, Kawu ka yafe, Kawu ban sani ba, kuma na yarda bai sani ba. Mudir kuwa ya ɗaga kafaɗa yace haza tabi'i, wai ai haka abin yake, kuɗin magani ba a mayarwa tunda an buɗe. Daga baya dai da yaron ya matsa masa ya ba ni gofi 10 da gwangwanin abinci ƙarami. Na karɓa, ba don sun biya ba. Abin da ya fi min ciwo, gyaran bai kai riyal 30 ba, gidan sauro ɗaya a yanka a rufe bahunan, ko in ba za a rufe ba a faɗa wa mai saye cewa tsiron nan a waje ya tashi, in haud na 'ya'yan kifi za ka sa to ka killace shi tukuna. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a gida ma ai raga suke rufa wa tafkin 'ya'ya saboda irin wannan ɓarnar. Mai sayar da kifi ace bai san abin da ke cin kifi ba, wannan ne ban gane ba.

In za ka saya a wajensu, kifi da haud da filta saya kanka tsaye. Tsiro kuwa ka zuba shi a bokiti daban da ruwa, ka rufe da raga ka ajiye inda haske ke samunsa sati 3 zuwa 4, duk bayan kwana biyu ka girgiza shi a farin baho ka duba, da daddare ka haska da tocila don a lokacin suka fi fitowa fili. Kuma don Allah kar wani ya ce zai fesa maganin sauro a ruwan, wani direba a nan ya ba ni wannan shawarar, maganin feshin nan guba ne ga kifi, kafin ya kashe ɗan mazari ya gama da kifinka kaf. Hannu da rariya su ne maganin.

Na birka kuwa na ƙyale su. Manyan kifin sun fi ƙarfinsu, jajayen kifin ma in sun samu ƙananan cinyewa suke, 'ya'yan gofi da aka haifa a can wasu na tsira cikin tsiro wasu na tafiya, dama in duka suka rayu birkar ba za ta ɗauke su ba. Ɗan sauro kuwa ko ɗaya ban ƙara gani a cikinta ba, tsakanin kifi da 'ya'yan mazari babu mai barinsa. Amma kar in yaudari kowa, wannan bai hana sauro a istiraha ba, don sauron dengi ba a birka ya fi haihuwa ba, a bokitin da ke tare ɗigon mukayyif ne, da farantin ƙasan tukunyar fulawa, da tsohuwar taya a bayan sito, wuraren da mazari ba ya zuwa, waɗannan sai dai ka bi ka zubar da kanka duk sati. A can ma nake samo wa na kwalba abinci, kaga kenan ni ma da nawa sakacin.

Na biyun ya fito satin da ya wuce amma fuffuke ɗaya ya naɗe bai miƙe ba, kwalbar ta yi masa ƙunci ya goga a jikin gilashi, laifina ne, tururuwa suka same shi a gindin bishiya kafin azahar. Na ukun na mayar da shi bokiti mai faɗi da doguwar sanda. Tun shekaranjiya ya daina cin abinci, bayan ya kumbura, ƙaramin ɗan maigida ya sa na yi masa alkawarin zan kira shi a bidiyo ko ƙarfe nawa ne, na sa waya a caji na jawo katifa kusa da bokitin.